Yadda ɗan Zariya ya haɗa bencin Toronto

Wajen ƙarfe biyu na dare a agogonmu aka jefa ƙwallo sama a birnin Oakland na Amurka, a wasa na shida na ƙarshen gasar NBA ta 2019. Ni da ƙanena muna zaune a kan tabarma, mun jingina waya da kofin shayi, mun rage murya don kada mu tashi mutanen gida. Toronto Raptors ta ci Golden State 114 da 110, ta ɗauki kofinta na farko. Da gari ya waye kowa zancen Kawhi Leonard yake yi, kuma ya cancanta. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne Fred VanVleet, wanda ya taso daga benci ya ci maki 22, sha biyu daga ciki a zangon ƙarshe, lokacin da ƙafafun manya suka yi nauyi. Serge Ibaka ma daga benci ya taso ya ƙara 15.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yana ɗaukar benci wurin zaman jira. A ƙwallon kwando ba haka abin yake ba. Mutum biyar ne a fili, wasan minti 48 ne, kuma koci yana canji yadda ya ga dama, wanda ya fita yana iya komowa. Ga wasa 82 a kaka ɗaya tun kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Babu gwanin da zai jure wannan gudu ba hutu, don haka a kowane dare akwai mintocin da wasa ke hannun 'yan benci. A nan ake zubar da tazarar da manya suka tara, ko a riƙe ta.

To ta ina ake samo su? A Turai kulob yana zuba kuɗi ya sayi ɗan wasa. A NBA mafi yawa furfure ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda: ɗan wasa a bakin ɗan wasa, kuma galibi sai albashin waɗanda suka fita ya yi kusa da na waɗanda suka shigo. Akwai kuma wata haja ta biyu, wato damar zaɓen sabbin 'yan wasa. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 suna bin layi su ɗauki matasa, zagaye biyu, waɗanda suka fi shan kaye su ne a gaba. Gurbinka a wannan layi kadara ce, kana iya bayar da na bana ko na shekaru masu zuwa har bakwai. An dai hana ƙungiya ta rabu da zaɓenta na zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa a jere, dokar da aka kafa bayan Ted Stepien, mai Cleveland a farkon shekarun 1980, ya yi ta rabar da nasa. Bahaushe zai ce wannan cinikin biri a sama ne, domin yaron da za a ɗauka da wannan dama wataƙila yana sakandare ranar da aka ƙulla cinikin.

Mutumin da ya haɗa Toronto ta 2019 ya ƙware a wannan ciniki. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can ya fara jefa ƙwallo a kwando. A 2013 ya karɓi ragamar Toronto bayan an ba shi lambar gwarzon shugaban ƙungiya na shekara a Denver. Yana zuwa ya miƙa Andrea Bargnani ga New York, cikin abin da ya karɓa har da zaɓen zagayen farko na 2016, wanda da shi aka ɗauki Jakob Poeltl.

Cinikin da na fi so shi ne na daren zaɓen 2015. Ujiri ya ba Milwaukee Greivis Vásquez, ɗan benci mai amfani wanda 'yan kallo ke ƙauna, ya karɓi yaron da aka ɗauka na 46, Norman Powell, da kuma zaɓen zagayen farko na gaba. A ranar babu wanda ya yi guɗa. Vásquez ya yi fama da idon sawu, wasa 23 kawai ya buga wa Milwaukee. Powell ya zama mai tasowa daga benci ya kutsa kwando ba tsoro, zaɓen nan kuma ya zama OG Anunoby a 2017, na 23 a layi. Pascal Siakam ɗan Kamaru an ɗauke shi na 27 a 2016. VanVleet kuwa duk zagaye biyun aka gama babu wanda ya kira sunansa, sai daga baya Toronto ta ba shi kwantiragi. A kakar 2017 zuwa 2018 Powell da Siakam da VanVleet, yaran da ba a damu da su ba, tare da Poeltl da Delon Wright da C.J. Miles, suka zama benci mai ban tsoro, ƙungiyar ta ci wasa 59.

Sai Ujiri ya shiga kasuwa da wannan bencin. A Yulin 2018 ya haɗa Poeltl da DeMar DeRozan da zaɓen zagayen farko ya kai San Antonio, ya dawo da Kawhi Leonard da Danny Green. A Fabrairun 2019, ranar da ake rufe kasuwa, Wright da Miles da Jonas Valančiūnas da zaɓen zagaye na biyu suka tafi Memphis, Marc Gasol ya zo. Zuwan Gasol ya mayar da Ibaka benci, mutumin da ya buga wasan ƙarshe na NBA tun 2012. Samun mutum irin wannan a sahu na biyu shi ne ainihin ribar cinikin, ko da yake sunan Gasol aka fi ambata.

Ban taɓa iya kallon wannan tarihi da farin ciki zalla ba. DeRozan ya yi shekara tara a Toronto, ya sabunta kwantiragi don yana son garin, aka kira shi a waya aka ce ya haɗa kaya. Mafi yawan 'yan wasa ba a neman yardarsu kafin a yi musaya da su. Mai iyali zai kwana a gari ɗaya ya wayi gari ana jiransa a wani, yara suna tsakiyar zangon karatu. Valančiūnas ya shekara kusan bakwai yana ɗaukar duka a ƙarƙashin kwando, saura wata huɗu a ɗaga kofi aka sallame shi. Ina ganin Ujiri ya yi daidai a aikinsa, kuma ina ganin waɗannan mutane sun biya wani kaso na kuɗin kofin da ba su taɓa ba.

Anunoby ma bai buga ko minti ɗaya a zagayen fitar da gwani na 2019 ba, saboda tiyatar hanji da aka yi masa ana gab da farawa. Shi da Powell daga baya layin ya zo kansu. A 2021 aka kai Powell Portland a bakin Gary Trent Jr. da Rodney Hood, a Disambar 2023 kuma Anunoby ya tafi New York, Toronto ta karɓi RJ Barrett da Immanuel Quickley da wani zaɓen zagaye na biyu.