Ajin rawa da fita ƙauye a babur: Abin da kowanne ke yi wa mai zaman ofis da shago

Ma'aikacin gwamnati da ke shiga ofis ƙarfe 8:00 na safe ya tashi ƙarfe 4:00 na yamma, da ɗan kasuwar da ke buɗe shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse ya rufe gab da magariba, abu guda ya haɗa su: yawancin yininsu a zaune yake ƙarewa.

Daga kujera sai mota ko Adaidaita Sahu, daga nan sai kushin a gida, waya a hannu har barci ya sace mutum. Idan aka tambayi irin wannan mutum abin da yake yi don nishaɗi, amsar ba ta cika wuce kallon ƙwallo ko hirar majalisa ba, kuma su ma a zaune ake yin su.

Akwai hanyoyi biyu na shaƙatawa da wasu mazauna birane suka runguma don karya wannan zama. Ɗaya ita ce ajin rawa na motsa jiki, inda jama'ar unguwa ko abokan aiki ke haɗuwa suna bin taku bisa jagorancin mai koyarwa. Ɗaya kuma ita ce fita bayan gari a babur a ƙarshen mako. Akan jefa su a kwando ɗaya da sunan hutu, amma amfaninsu ya bambanta, haka nan haɗarinsu, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya zai iya yaudarar kansa.

Abin da jiki ke nema

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin biliyan 1.8, ba su cika wannan mizani ba a shekarar 2022. Rashin motsi na cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hanya mafi sauƙi ta gane motsa jiki matsakaici ita ce ta numfashi: mutum na haki kaɗan, yana iya magana, amma ba zai iya rera waƙa ba. Duk abin da ya kai mutum wannan mataki ya shiga lissafi, ko tafiya ce da sauri, ko keke, ko rawa.

Yadda rawa ta koma darasi

Ajin rawa mafi shahara a duniya a yau shi ne Zumba. Wani mai koyar da motsa jiki ɗan birnin Cali na ƙasar Kolombiya, Alberto Perez, wanda aka fi sani da Beto, shi ya fara shi. Labarin da ake bayarwa shi ne, wata rana ya manta kaset ɗin da ya saba koyarwa da shi, sai ya sa kiɗan salsa da merenge da ke cikin jakarsa, ɗalibai kuma suka fi jin daɗin hakan. Daga baya ya koma Amurka, aka kafa kamfani a 2001, abin ya bazu har wuraren motsa jiki na Legas da Abuja.

A ƙasar Sin kuwa abin bai ma buƙaci kamfani ba. Miliyoyin mutane, akasarinsu mata da suka manyanta ko suka yi ritaya, na taruwa safe da yamma a filayen unguwa da lasifika guda suna rawa a jere. Abin ya yi yawa har ya haddasa rigima tsakaninsu da maƙwabta kan ƙara, kuma dokar hana gurɓata muhalli da ƙara da ta fara aiki a ƙasar a watan Yunin 2022 ta shafi irin waɗannan taruka. Duk mai shirin kafa aji a harabar gidajen ma'aikata ko a layin unguwa ya riƙe wannan a ransa kafin ya ƙure lasifika.

Haɗa motsi da kiɗa kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan mata sun yi gaɗa a dandali, mata sun yi lugude a bakin turmi da kiɗan ƙwarya a cikin gida, manoma sun yi gayya da gangar noma a bayansu, 'yan koroso kuma har gobe suna nuna abin da jikin da ya horu zai iya yi. A wancan zamani aiki ne ke kawo motsin, kiɗa na rage wahalarsa. Da aikin ya koma kan kujera, sai motsin ya tafi, kiɗan ya koma cikin waya.

Fifikon rawa a kan tafiyar ƙasa ko injin gudu yana wurare biyu. Na farko, tana sa ƙwaƙwalwa aiki, domin dole a haddace taku, a bi kiɗa, a kula da na kusa kada a yi karo. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2003 ya bi diddigin tsofaffi 469 da suka haura shekara 75 a Amurka, ya kuma gano cewa cikin nau'o'in motsa jikin da aka duba, rawa kaɗai aka ga tana da alaƙa da raguwar ciwon mantuwa. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce rawa magani ce ba, don haka kada wani mai talla ya sayar da ita da wannan suna.

Na biyu, kuma a ganina shi ne babba, jama'a. Da yawa daga cikinmu mun taɓa sayen takalmin gudu a watan Janairu, kafin Maris ya koma ƙarƙashin gado. Mutum shi kaɗai ba ya rasa uzuri. Amma wanda ya san mutum goma na jiran sa ƙarfe 6:30 na safiyar Asabar, kuma za a kira shi a waya idan ba a gan shi ba, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi. Aji uku a mako na minti 50 kowanne sun cika minti 150 ɗin da ake nema cif.

Ba za a ɓoye ba, kalmar rawa na da nauyi a kunnen mutane da yawa a Arewa, saboda cakuɗuwar maza da mata da abin da ake gani a gidajen gala. Inda abin ya fi samun karɓuwa shi ne inda aka ware aji na mata zalla, da mace mai koyarwa, a rufaffen wuri, maza kuma da nasu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba na iya yin taku iri ɗaya da ƙirge ko tafi, kamar yadda ake atisaye. Gumin da za a zubar ɗaya ne.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga, da mai juna biyu, su tuntuɓi likita kafin su fara. Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa gwada jininsa ba ya fara da wannan, domin hawan jini, wato awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, yakan zauna shekaru ba tare da wata alama ba. A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10. Tsalle a kan siminti da silifa na cin gwiwa, musamman ga mai ƙiba. Ciwon ƙirji ko jiri ko numfashin da ya ƙi dawowa alamu ne na a tsaya nan take a nemi asibiti.

Babur: hutun zuciya mai tsada

Daɗin fita ƙauye a babur sai wanda ya taɓa yi. Mai mota yana kallon daji ne ta gilashi, mai babur kuwa a cikinsa yake: yana jin sanyin fadama idan ya gangara, yana shaƙar ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, yana iya tsayawa a gindin mangwaro ya sayi fura da nono. Daga Kano ana zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko marinar Kura ko zane-zanen kan duwatsu na Birnin Kudu. Daga Abuja akwai faɗuwar ruwa ta Gurara a Jihar Neja, daga Jos akwai duwatsun Riyom da faɗuwar ruwa ta Assop. Babur ɗin ma ba sai mai tsada ba. Boxer ko Jincheng da aka kula da shi ya isa, kuma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙarancin shan mansa ya ƙara masa farin jini.

Sai dai mai babur a zaune yake. Gajiyar da yake ji a kafaɗa da baya bayan awa uku a hanya ta riƙe kan babur ce da jijjiga, ba ta maye gurbin minti 150 ɗin nan ba. Abin da fitar ke bayarwa shi ne sakin zuciya daga lissafin bashi da fayil, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke son cin riba biyu sai ya ajiye babur idan ya isa, ya taka dutse ko ya zaga bakin ruwa da ƙafa.

Kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023, kuma masu babur na cikin waɗanda abin ya fi ci. Nazarin da hukumar ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano na rage yiwuwar mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaba a wasu garuruwa, har da Kano, sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba ma kusan ƙwaryar ce, domin ita ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa.

Lissafin gudu kuma ba ya tausayi. Mai gudun kilomita 60 a awa na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, kafin ma hannunsa ya kai ga birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya yakan ninku sau huɗu. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta tsayar wa babur kilomita 50 a awa. A kan kwalta birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, amma a kan yashi ko burji damƙe shi da ƙarfi na sa tayar gaba ta zame. Hanyar ƙauye kuma tana da nata mazauna: awaki, garken shanu, yara, amalanke, da shanyar barkono ko hatsi a gefen titi lokacin kaka. Da hunturu hazo na rage gani, da damina rafin da aka tsallaka da safe na iya cika kafin la'asar. A duba taya da birki da fitila da baƙin mai tun daren jiya, a tafi da lasisi da takardun babur, a kuma adana lambar kiran gaggawa ta hukumar, 122, a waya.

Ayarin babura a idon ɗan ƙauye

Wannan shi ne ɓangaren da mai sha'awar babur a Turai ba ya tunaninsa, mu kuwa dole ne. A Abuja an hana acaba shiga tsakiyar birni tun 2006. Gwamnatin Kano ta dakatar da ita a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A watan Mayun 2019 Rundunar Sojin Ƙasa ta haramta zirga-zirgar babura a dazuzzukan Kano da Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kaduna da Kebbi da Neja. Jihohi da ƙananan hukumomi kuma na sanya nasu dokokin, na hana goyo ko hana fita da dare, suna ɗagewa suna maidowa gwargwadon halin tsaro. Dokar da mutum ya sani bara ba lalle ta zama ita ce ta bana ba, sai ya tambaya kafin ya kama hanya.

Bayan doka akwai tsoro. A ƙauyuka da dama na Arewa maso Yamma, ƙarar babura goma da baƙin fuskoki na nufin 'yan bindiga sun iso. Ma'aikatan da suka fito shan iska, fuska a rufe da hular kwano da ƙyallen ƙura, na iya firgita gari guda, ko su faɗa hannun 'yan sa-kai da ba su da lokacin dogon bayani. Saboda haka a taƙaita ayari, kada ya wuce babur huɗu ko biyar, a tsaya kan manyan hanyoyi, a guji daji komai kyawunsa. A nemi labarin hanyar daga direbobin tasha ko wani ɗan garin a safiyar ranar. A rage gudu tun daga nesa da shingen jami'an tsaro, a buɗe fuska, kowa da katin shaidarsa.

Idan za a yada zango a ƙauye, gidan mai unguwa ko dagaci ne wurin fara sauka, a gaisa, a faɗi daga inda ake da abin da ya kawo mutum, kuma kada a ɗauki hoton mutane ko gidajensu sai da izini. A bar wa iyali sunan garin da za a je da lokacin dawowa, a kuma juyo da wuri yadda sallar magariba za ta riski kowa a gida.