Farin Goro da Jan Goro: Gaskiya ko Jita-jita?

"Albishirinka." "Goro." "Fari ko ja?" Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar da ke biyo baya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ja ba. Tun muna yara aka cusa mana cewa fari shi ne na girma, shi ake kai wa sarki da malami da suruki, ja kuwa na yau da kullum ne, na direba da ɗan dako da mai gadi.

A Burkusuma, kamar sauran garuruwan Gobir da ke tsakanin Sabon Birni da Isa da bakin iyakar Nijar, maganar ba ta tsaya ga girmamawa ba. Zauna kusa da faifan mai goro bayan la'asar, inda ya lulluɓe hajarsa da jiƙaƙƙen algarara, ka saurari dattawan da suka shekara arba'in suna tauna. Wani zai ce maka fari ba shi da ɗaci. Wani ya ce ja ya fi ƙarfi, shi ke korar barci. Na gefe ya ƙara da cewa ja ne ke rina haƙori, fari ba ruwansa. Mai goron da kansa, in ya ga kana jujjuya hajar, sai ya tsamo maka ɗaya ya ce, "Alhaji, wanga ɗauka, fari na tas, icce nai daban na." Dukansu da yaƙini suke magana, kuma harshensu ya san goro fiye da nawa. Amma da yawa daga cikin abin da suke jingina wa launi, ba launin ne ya kawo shi ba.

Batun itacen shi ne tushe. Goron da muke ci, mai ɓari biyu, masana tsirrai suna kiransa Cola nitida, kuma fari da ja da mai ruwan hoda duk shi ne. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Auguste Chevalier, wanda ya yi yawo a dazuzzukan Afirka ta Yamma, ya fitar da littafi kan goro tare da Émile Perrot a 1911, ya kasa itacen gida-gida: mai ba da ja, mai ba da fari, da mai haɗa su. Wannan na ukun shi ke rushe maganar mai goro, domin akan fasa kwanso ɗaya daga reshe ɗaya a tarar da fari da ja kwance kafaɗa da kafaɗa. Dalilin kuwa shi ne abin da muke taunawa ƙwayar iri ce, ta gaji uwa, ta gaji uba. Uwar ita ce bishiyar da kwanson yake rataye a kanta, uban kuwa garin fure ne da ƙwari suka ɗebo daga wata bishiyar. Ja yana rinjayar fari wajen gado. Bishiyar da ta fito daga farin goro, idan ƙwaro ya kawo mata garin furen maƙwabciyarta mai ja, sai ta haifi ja ko mai ruwan hoda. Don haka fari ya fi ƙaranci a gona, abin da ya yi ƙaranci kuwa kasuwa ba ta barinsa da araha. Tsadar farin goro gaskiya ce, kuma ga asalinta. Cewa daga wani itace na daban yake fitowa, wannan jita-jita ce, ko da yake akwai bishiyoyin da ke ba da fari zalla idan babu ja kusa da su.

Jan da ke jikin goro wani sinadarin rini ne da ake kira antosayanin, dangin wanda ke cikin zoɓo da jar albasa. Matan da ke dafa zoɓo sun san akwai farinsa, kuma tsaminsa na nan daram ko da babu jan. Haka abin yake ga goro. Abin da ke korar barci da ɗauke gajiya da danne yunwa shi ne kafeyin, wanda ke cikin gahawa da shayi, kuma idan aka tace shi farin gari ne, ba shi da launi ko kaɗan. Yana kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro, wani lokaci fiye, a fari da ja baki ɗaya. Direban da ya taso daga Shinkafi da jan goro a aljihu yana ganin ya riƙe makami, abokinsa mai fari bai fi shi jin barci ba. Bambancin ƙarfi tsakanin goro da goro yana nan, amma ka neme shi ga bishiyar da ƙasar da ta tsiro da girman ƙwayar.

Rinin haƙori ma haka. Ka ɓare farin goro ka ajiye ɓarin a kan tabarma, kafin ka gama alwala ya fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa mai ja. Sinadaran da ke kawo bauri ne suke haɗuwa da iska su canza launi, kuma suna cikin kowane goro. Tsohon da bai taɓa sa ja a bakinsa ba don isa, haƙoransa za su ba da shaida a kansa.

Saura maganar ɗaci, wadda ita ce ta fi wuyar yankewa, domin a nan mutane ba labari suke bayarwa ba, abin da suka ji a bakinsu suke faɗa. Wani gwaji da aka yi a Faransa yana da amfani a nan, ko da yake a kan abin da mu ba ma sha aka yi shi. Turawa suna da masu ɗanɗanar giyar inabi, waɗanda ke zama su kwatanta ja da fara, su yi ta musu a kan ƙanshi kamar yadda dattawanmu ke yi a kan goro. A 2001 wasu masu bincike uku, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu, suka wallafa abin da suka yi da ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni a Jami'ar Bordeaux. Sun ɗauki farar giya suka zuba mata jan rini marar ƙanshi, suka miƙa. Ɗaliban suka shinshina, suka siffanta ta da kalmomin da suka saba siffanta ja da su. Ido ya riga hanci yanke hukunci. Labarin ya yaɗu har ana cewa wai an tabbatar masana ba sa iya bambanta ja da fara, wanda ƙari ne, domin ɗalibai ne, kuma siffanta ƙanshi aka ce su yi. Ita jar giya ta ainihi tana da bambanci na gaske, saboda ana jiƙa ruwan inabin tare da ɓawonsa, ɓawon ya ba shi launi ya kuma ba shi bauri. A can launi yana tafe da yadda aka sarrafa abin. A goro kuwa fari da ja hannu ɗaya ya wanke su, kwando ɗaya suka kwana. Idan har ido zai iya yaudarar mutum a inda bambancin yake da tushe, ina ga inda ba shi da shi sosai?

Ban ce duk wanda ya ji fari ya fi laushin ɗaci mafarki yake yi ba. Akwai abin da ke faruwa a kasuwa wanda ke gaskata shi ta bayan gida. Tunda fari ya fi kuɗi, shi ake tsincewa da kyau, a zaɓi manya, marsa, a ware masu tabo, a ba shi ganye mai kyau, a riƙa duba shi. Ja kuwa a jibge shi da minu da komai. Mai sayen fari yana sayen goron da aka fi kula da shi, sai ya ba launi ladan da ya kamata ya ba mai tsinta.

Abin da ke sauya ɗanɗanon goro da gaske shi ne kwanakinsa. Ana fasa kwanso, a jiƙa ƙwayoyin ko a tara su har farar fatar da ke jikinsu ta saki, a wanke, a zuba a kwando su yi gumi na 'yan kwanaki, sannan a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu. Sabon goro, wanda ya fi yawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ruwa ne cike da shi, ga bauri mai kama harshe. Wanda ya yi watanni a ganye yana tsotsewa a hankali, baurin ya kwanta, garɗi ya fito. Shi ne daushe. Duk dattijon da ya ce maka daushe ya fi sabo, fari ne ko ja, ka yarda da shi ba musu. Jan daushe ya fi farin sabo daɗin baki nesa ba kusa ba, kuma masu goron Shagon Goro a Sakkwato da na Mariri a Kano sun san haka, ko da ba su faɗa wa mai saye ba.

Sai kuma ƙasar da goron ya fito. Magabata sun fi mu kula da wannan. Goron Laɓoji na ƙasar Nufe ya yi suna har ya zama na sarakuna, kuma Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Nufe yana aika wa Sarauniya Amina goro 10,000. Babbar hanyar kuwa ta Gwanja ce. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Zamfara da Yawuri da Borgu har Salaga, a arewacin Gana ta yau, su sayo goron dazuzzukan Asante, tafiyar da kan ci watanni. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna yadda cinikin ya bunƙasa bayan jihadi. Alƙalawa, babban birnin Gobir wadda kufanta ke nan a ƙasar Sabon Birni, ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, daular da ta biyo baya ta hana giya, goro kuwa malamai ba su hana shi ba, sai ya zama abin marmarin da babu kunya a cikinsa. Salaga ta durƙushe bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 da yaƙin basasar da ya tashi a garin a 1892. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman Yarabawa a Agege da Shagamu suka dasa irin na Gwanja. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro. Masu cewa goron Gwanja ya fi na Kurmi asali, su sani yawancin na Kurmin jikokinsa ne.

Akwai kuma waɗanda ake kira goro alhali ba irin namu ba ne. Wanda Igbo ke fasawa a taronsu, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, ɗan'uwa ne na kusa amma jinsinsa daban. Namijin goro kuwa ko dangi ba su haɗa ba, wata bishiya ce dabam, kuma ba ya korar barci irin na goro. A 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas, aka baza cewa namijin goro na maganinta, daidai lokacin da aka tashi mutane da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri. Ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ce babu hujjar haka. Abin da ya kashe wutar cutar shi ne bin sawun duk wanda ya taɓa marar lafiya da killace shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Najeriya ranar 20 ga Oktoba na shekarar.

Masu cewa goro na kawo gyambon ciki sun kama gefen gaskiya ne kawai. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin waɗanda ake saya a tire. Amma kafeyin na ƙara tsamin ciki, don haka mai gyambo da ya karya kumallo da goro shi ya jawo wa kansa. Yana kuma ɗaga bugun zuciya da hawan jini na ɗan lokaci, kuma likitoci na shawartar mai juna biyu ta rage shi. A nan ma fari bai fi ja sauƙi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika tattaunawa a gindin faifan ba. Babban abokin gabar goro a ajiya sankara ce, ƙwaron da ke yin ƙwai a cikin ƙwayar tun tana gona, tsutsarsa ta cinye cikin ta bar gari. Huhu guda na iya lalacewa a 'yan makonni, kuma hanyar da magabata suka sani ita ce kwancewa a tsince a sake ganye, aiki mai cin rai. Wasu masu ajiya sun sami gajeriyar hanya: gamalin, ko ƙwayar nan mai hayaƙi da ake jefawa a buhun hatsi. Cibiyar binciken koko ta Ibadan, wadda goro ke cikin aikinta, ta daɗe tana gargaɗi a kan haka. Sinadarin da ke cikin gamalin an sa shi a jerin waɗanda duniya ta amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm tun 2009. Goro kuwa ba a dafa shi, ba a feraye shi, daga faifai sai baki. Kafin ya iso Burkusuma ya bi hannu da yawa, daga manomi a kurmi zuwa dillali a Sabo, unguwar Hausawa a can kurmin, zuwa babbar mota, zuwa Sakkwato ko Shinkafi, ga hanyoyin yankin da rashin tsaro ya sa kaya ke daɗewa kafin su iso. Mai faifai a ƙauye ba lallai ya san abin da aka zuba a huhun ba.

Don haka idan za ka sayi ƙwarya don ɗaurin aure ko suna, ka ce a ɓara maka biyu ko uku daga ƙasan kwandon, ba na sama da aka jera don ido ba. Ka duba ko akwai ƙaramar huda ko baƙin tabo a ciki. Ka shinshina: warin magani ko na tafarnuwa-tafarnuwa alama ce ta a bar shi. Ka tambayi mai shi sabo ne ko daushe, kuma daga ina. Wanda za ka ci, ka wanke shi da ruwa mai tsabta. In kuma surukai za a kai wa, ka biya kuɗin farin, domin su ma da ido za su fara karɓa.