Daga gungumen maɗaci zuwa jirgin katako: sana'ar da ke riƙe da fataucin kogin Isa

A shekara ta 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, manyan motocin kaya sun yi jerin gwano a bakin iyaka. Fatake da matafiya suka koma ga jirgin katako domin ƙetare kogi. A lokacin ne mutane da yawa suka tuna cewa dukiyarsu da rayukansu suna hannun masassaƙin da ba su taɓa tambayar sunansa ba.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. A shekara ta 1987, wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana na jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa kuwa wajen 8000. Daga gungume ɗaya aka sassaƙa shi, kuma har gobe haka ake yi inda akwai manyan itatuwa: a kayar da icce, a daidaita bayansa da gatari, a rarake cikinsa da gizago. Gwanintar tana wajen kauri. In gefe ya yi kauri, jirgi ya yi nauyi. In ya yi siriri, ya tsage.

To amma a arewacin kogin, wajen Ayaru da Gawo da Tumbutu, babban icce ya yi wuya. Rashin nan ne ya haifi wata dabara: ɗinkin jirgi. Sarkawa da sauran mutanen ruwa sukan sassaƙa rabin gaba dabam, rabin baya dabam, su huda bakin kowanne, su ɗinke da igiya. A 1828, Bafaranshe René Caillié ya yi tafiya daga Jenne zuwa Kabara, mashigin Tumbutu, cikin babban jirgi na katakai ɗinkakku. Ya ba da labarin yadda ake ta kwashe ruwa da ƙwarya, domin ɗinki ba ya rasa yoyo.

A yau ƙusa ta gaji igiya. A Mopti ta ƙasar Mali, inda kogin Bani ya haɗu da Isa, masassaƙa ƴan ƙabilar Bozo suna ƙera manyan jiragen fatauci a bakin ruwa, ba tare da zane a takarda ba. Ido da igiyar awo sun wadatar. Da katakan ƙasa ake farawa, a shimfiɗa su, sa'an nan a tayar da gefuna. Katakon da ake so ya lanƙwasa sai a gasa shi a wuta. A gefe guda maƙera suna ƙera ƙusoshi daga tsofaffin ƙarafa. In an gama, a cusa tsumma cikin kowace kafa, a shafe da man kaɗanya. Ba banza ba aka yi gindin jirgin a shimfiɗe: da rani ruwa yakan ja baya, yashi ya taso, jirgi mai zurfin ciki kuwa sai ya kafe.

Damuwar masu sana'ar ita ce icce. Maɗaci, wanda ke jure ruwa shekara da shekaru, ya yi ƙaranci, katakonsa daga kudu ake kawo shi da tsada. Mai neman sauƙi yakan sayi katako mai taushi, ya ɗaura masa inji, ya yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan ruwa kuwa, araha takan ci rai.

Kogin Isa ya ratsa ƙasar Nijar tsawon kilomita wajen 550, kuma ƙauyuka da tsibirai da dama ba su da hanyar kasuwa sai shi. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya dubi katako da ƙusa kafin ya zuba buhunansa, ma'aikatan gandun daji su himmatu ga dashen maɗaci, hukuma kuma ta sa ido a kan lodi a mashigai.