Cika Tano da Ruwa Mai Tsabta Inda Babu Famfo

Idan damina ta kankama a arewacin Adar, manoma da yawa na Takanamat da kewaye sukan tare a tunga, kusa da gonakinsu. A can babu famfo. Ruwan da iyali za su sha yana cikin tano ne, wato durom, wanda ake ɗaukowa daga rijiya bisa amalanken jaki. Sau da yawa ruwan yakan fito daga rijiya da kyaunsa, sa'an nan ya ɓaci wajen zubawa ko wajen ɗiba. Ga yadda za a kiyaye shi.

Lissafi kafin tafiya

Ƙungiyoyin agaji na duniya sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a yini, don sha da dahuwa da tsabtar jiki. Gida mai mutum 6 zai ci lita 90 ke nan. Tano mai lita 200 zai kai su kwana 2, da ɗan saura. Bido 8 masu lita 25 ke cika shi, ko bido 10 masu lita 20.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka cikakken tano ya haura kilo 200. A ɗaure shi tamau a tsakiyar amalanke, daidai saman ƙafafu, don kada nauyi ya danne bayan jaki. Gara a cika shi fal, domin ruwan da ya tsaya rabi yana kaɗawa a hanya, har ya iya kifar da amalanke a gangare.

Wane tano, wane bido?

Kada a zuba ruwan sha a cikin abin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko gazuwal, ko maganin ƙwarin gona. Roba tana shan guba, wanki kuwa ba ya fitar da ita duka. Bidon man girki ba shi da laifi, muddin an wanke shi da sabulu an ɗauraye sosai. Kowane mazubi ya kasance da murfinsa.

Yadda ake cikawa

Da farko a wanke hannu da sabulu. Kada a yar da guga da igiya a ƙasa inda dabbobi ke tattakawa, a rataye su. A sa mazurari a bakin tano, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka, a tace ruwan ta cikinsa.

Ɗaga bido mai kilo 25 har sau 8 aiki ne mai karya baya. Akwai dabara da tiyo. Ko a Turai da Amurka, matafiya masu jan ɗaki a bayan mota suna amfani da ita wajen cika tankinsu idan sun sauka inda babu famfo. A ɗora bido a wurin da ya fi bakin tano tsawo. A cika tiyo da ruwa, a toshe bakinsa biyu da yatsu. A nutsa baki ɗaya cikin bido, a sauke ɗayan cikin tano, sa'an nan a saki. Ruwa zai gangaro da kansa. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Haka tiyo yake, in babu ruwa cikinsa ba ya ja. Kada a zuƙa da baki, domin miyau yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Tacewa kaɗai ba ta isa ba

Tace ruwa da ƙyalle yana cikin abubuwan da suka taimaka aka kawar da kurkunu. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da wannan cuta. Amma ƙwayoyin zawo da na kwalara ƙanana ne ƙwarai, suna iya ratsa ƙyalle. Kwalarar da ta ɓarke a ƙasarmu a shekarar 2021 ta taɓa jihar Tawa, ta kuma yi sanadin rasa rayuka.

Don haka kowace safiya a ware bido ɗaya mai lita 20 don sha. A jefa masa ƙwayar Aquatabs wadda aka yi don lita 20, a rufe, a girgiza, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi gurɓi, kamar na tabki, a bar shi ya kwanta tukuna, a tsiyaye, a tace. Ma'aikatan gidan likita za su nuna yawan ƙwayar da irin wannan ruwa ke bukata. Inda babu ƙwaya, a dafa ruwan har ya tafasa sosai na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe.

Wajen ɗiba

Nan ne aka fi yin ɓarna. Moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa, ya sake tsomawa, ta isa ta ɓata ruwan gida duka. A tsiyaya ruwa daga bido zuwa moɗa, a jawo na tano da tiyo. A ajiye su a inuwa, a rufe. Kowane mako a juye sauran ruwan tano, a wanke cikinsa kafin a sake cikawa.

Manomin da zawo ya kwantar kwana 3 a lokacin noman farko, ciyawa ta riga shi gona. Kiyaye tano yana cikin aikin damina, daidai da kiyaye iri da hauya.