Ana ɗorin muƙamuƙi ta cikin baki

Manoma da makiyaya, kun san harbin jaki da tunkuyin sa. Ga kuma faɗuwa daga babur ran kasuwa. Sau da yawa muƙamuƙi ne ke karyewa.

A da, lokotoro yakan ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Mutum ya yi sati 4 ko 6 bakinsa a rufe, ba ya cin komi sai kunu da farau-farau. In damina ce, gona ta kwana. Wani lokaci kuma a tsaga fata daga waje. Nan akwai haɗari, don jijiyar da ke motsa fuska tana bin wurin. In an taɓa ta, baki ya karkace.

Wajen 1976 wani lokotoro na ƙasar Faransa, Maxime Champy, ya yaɗa wata dabara. Ana ba mutum maganin barci, a yi ƴar tsaga ta cikin baki, kusa da dasashi. A haɗa ƙashin, a ɗora masa ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 1, a kafe shi da ƙananan kusoshi. Ƙarfen da ake sawa yau sunansa titaniyom, ba ya tsatsa cikin jiki. Fuska ba tabo. Yawanci ba a ɗaure baki na dogon lokaci, sai dai mai ciwo ya haƙura da ƙilishi da rake har sati 6. In karayar tana sama, gab da kunne, wasu manyan asibitoci na zura siririn bututu mai fitila da kamara, su ga ƙashin.

Amma dabarar nan ba ta son jinkiri. Bayan sati 2 ko 3 ƙashi ya fara haɗewa a karkace, sai babban aiki ke gyara shi. Maɗori ya iya hannu da ƙafa, amma ba shi da wurin ɗaura kara cikin baki.

In haƙora ba su haɗu yadda suka saba ba, ko leɓen ƙasa ya mutu, ku tallafe haɓa da rawani, kada ku matse. Ku kai shi likita ranar nan, a aika shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙashi.

Ku lura da yara ƙwarai. Yaron da ya faɗi bisa haɓa aka ƙyale shi, gaɓar muƙamuƙinsa na iya mannewa, ya girma ba ya iya buɗe baki.