Masana'antar Ƙera Kayan Ƙira: Uwar Masana'antu

Gabatarwa

Duk wanda babur ɗinsa ya taɓa lalacewa ya san bakanike ba ya ƙera sabon ƙarfe. Kasuwa yake zuwa ya sayo irin wanda ya lalace, ya ɗaura, ya zauna daram kamar tare aka ƙera su. Maƙerin gargajiya kuwa, komai gwanintarsa, idan ya ƙera fartanya biyu sai an sami ɗan bambanci tsakaninsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin masana'antar da ta sa kayan zamani suke fitowa iri ɗaya, wato wadda ke ƙera wa sauran masana'antu kayan aikinsu.

Ire-iren Kayan Ƙira

Ana iya kasa waɗannan kaya gida huɗu. Na farko su ne kayan yanka da huji da goge ƙarfe, waɗanda ake yi da ƙarfen da ya fi wanda za a yanka tauri. Na biyu shi ne tambarin ƙarfe, mai ɓari biyu, namiji da tamace. Akan sa fallen ƙarfe tsakaninsu, injin matsi ya danna, sai siffar da aka sassaƙa a jikinsu ta fito. Ta haka ake buga cokali da kwabo da ƙofar mota. Ɗan'uwansa shi ne mazubin siffa, inda ake ɗura narkakkiyar roba ta daskare ta zama bokiti. Na uku shi ne jagoran huji, wanda ke riƙe ƙarfe ya kuma nuna wa abin huji wurin shiga, ta yadda ba sai ma'aikaci ya yi awo ba. Na huɗu shi ne mariƙi, wanda aikinsa kawai ya riƙe ƙarfe a matsayi guda yayin yanka ko walda.

Hikimar da ke cikin wannan ita ce, gwani guda yakan zuba basirarsa cikin tambari ɗaya, daga nan ma'aikacin da bai kai shi ba ya buga dubbai ba kuskure. Haka kuma idan tambarin ya karkace, duk abin da ya haifa karkatacce ne.

Tarihi

Buƙatar yaƙi ce ta fara jawo wannan fasaha, domin bindigar da ta lalace a fagen fama sai an nemo maƙeri ya yi mata ƙarfe nata na kanta. A 1785 wani Bafaranshe, Honoré Blanc, ya nuna wa Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, kunamun bindigogi da aka wargaza, ana ɗauko ɓangarorinsu barkatai ana haɗawa suna dacewa. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000 daga gwamnatin Amurka, amma sai da ya shafe fiye da shekara goma kafin ya kammala. John Hall ne, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, ya cim ma wannan buri sosai a shekarun 1820, ta hanyar amfani da mariƙai da ma'aunai masu yawa.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa sai awo ya zama ɗaya. A 1896 wani mutumin Suwidin, Carl Edvard Johansson, ya ƙirƙiro 'yan tubalan ƙarfe na awo, waɗanda aka goge su sumul har idan aka murza biyu sai su manne. Da su ake gwada sauran ma'aunai. Kuma tun da zafi na sa ƙarfe ya miƙe, a 1931 aka amince a duniya cewa a riƙa yin awo a ma'aunin zafi 20 na Salshiyos.

Darasi Daga Kamfanin Ford

Babu misalin da ya fi na Ford nuna nauyin wannan masana'anta. Daga 1908 zuwa 1927 kamfanin ya ƙera mota samfurin T fiye da miliyan 15, da injuna da tambura da aka yi dominta kaɗai. Da kasuwa ta juya mata baya, sai ya zamana akasarin kayan ba su da amfani ga wata mota. Tilas aka tsai da aiki a watan Mayu na 1927, dubban ma'aikata suka zauna a gida, ba a nuna sabuwar mota samfurin A ba sai a watan Disamba. Ashe sauya mota sauya tambura ne.

Halin da Ake Ciki

A 1943 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Boris da Natalya Lazarenko, suka gano yadda ake sassaƙa ƙarfe mai tauri da tartsatsin lantarki. A 1952 kuma aka nuna injin da lambobi ke sarrafawa a cibiyar MIT ta Amurka. Yau da kwamfuta ake zana tambari, ita ke jan ragamar injin, amma har yanzu sai gwani ya goge ya gwada, kuma koyon sana'ar kan ɗauki shekara huɗu ko biyar.

Kammalawa

Nijeriya ta buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ta kuma kafa ta ƙera injunan ƙira a Oshogbo a 1980 tare da kamfanin HMT na Indiya. Ta biyun ba ta yi sunan ta farkon ba, alhali aikinta shi ne tushe. Ƙasar da ke haɗa kaya amma ba ta iya ƙera tambarinsu, duk ranar da tambari ya tsage sai ta jira jirgi. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka, mai son auna ƙarfin masana'antun wata ƙasa, sai ya fara tambaya: wa ke ƙera musu kayan ƙira?