Tafiya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Wanda ya taɓa ziyartar rijiyar Kusugu a Daura, ya ga ana jan ruwa da guga, to ya ga motsa jikin kakanninmu. A taka zuwa rijiya, a ja ruwa, a ɗora tulu a ka, a dawo gida. Tafiyar tana sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru. Jan gugan da ɗaukar tulun kuwa suna ƙarfafa damtse da baya da cinyoyi.

Yau babur ya karɓe mana tafiya, 'yan garuwa sun karɓe jan ruwa, ga hawan jini da ciwon suga suna shiga gidajenmu. Waɗansu 'yan'uwa sun farga, sukan fita da sassafe su bi hanyar Mai'aduwa suna tattaki. Madalla. Amma rabin aikin ke nan. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa zuciya aiki, sa'an nan aƙalla kwana biyu a mako ya yi aikin ƙarfafa tsoka. Dalili kuwa, tsoka ita ce ke janye yawancin sugan da ke cikin jini bayan an ci abinci, kuma tana raguwa da tsufa in ba a sa ta aiki ba. Shi ya sa za ka ga dattijo yana iya takawa har kasuwa, amma tashi daga tabarma sai da dafa bango.

Ana iya haɗa biyun a fita ɗaya. Ka fara da tafiyar minti biyar, jiki ya ɗumama. Ka zauna a kujera ka miƙe sau goma, ka dafa bango ka tura jikinka sau goma, ka ɗauki jarka ka kai ƙofar gida ka dawo, sa'an nan ka ci gaba da tafiya cikin hanzari. Jarka mai lita 20 in ta cika ta kai kilo 20, don haka a fara da rabi. Wannan ba gasar kokawa ba ce.

Mai hawan jini ya fara tuntuɓar likita, kuma kada ya riƙe numfashi sa'ad da yake ɗaga nauyi, domin hakan yana ƙara hawan jinin nan take.